TUMBIN GIWA YA FARA CIKA: KO KANO ZA TA IYA ƊAUKAR ƘARIN GIDAJE?

Kowa ya san kirarin da ake yi wa birnin Kano, wai tumbin giwa ce, ko da me ka zo an fi ka. Abin da kirarin ke nufi shi ne Kano ba ta ƙin baƙo, kuma komai yawan masu shigowa ba a rasa inda za a sa su. To, amma duk wanda ya shiga mota daga Gaya ya bi ta Wudil ya nufi birni a 'yan shekarun nan, zai ga abin da zai sa shi tunani. Tun kafin ya kai Mariri zai fara ganin bulo a jibge cikin gonaki, da tubalin gini a inda aka yanke gero bara. Haka abin yake a hanyar Zariya da ta Katsina da ta Haɗeja da ta Gwarzo. Birni yana cin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya.

Gina gida ba laifi ba ne, gama kowane magidanci yana so ya samu inda zai sa iyalinsa ya huta da biyan haya. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce, ruwan da za a sha a waɗannan gidaje daga ina zai fito? Ruwan sama da na wanka ina za su bi? Wutar lantarki da hanyar mota za su isa kuwa? Wannan magana ta shafi mai haya a Sabon Gari ko Badawa ko Birget, ta kuma shafi mutumin Gafasa a Ƙaramar Hukumar Ajingi, domin da wuya ka samu gida a ƙasar Gaya da Ajingi wanda ba shi da ɗa ko ƙane da ke ci-rani a Kano. Wasu ma har sukan sayar da gona ko shanu domin su sayi fuloti a bakin birni. Ya kamata mutum ya san abin da yake saye kafin ya rabu da gonar gado.

DAGA GAYA ZUWA DALA

Zuwan mutanen gabas Kano ba yau aka fara ba. Tarihin baka ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya suka zo gindin dutsen Dala neman tama, suka zauna, kuma zuriyarsu su ne ake kira Abagayawa. Sarki Gijimasu ya fara gina ganuwa wajen ƙarni na 12, Sarki Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Abin lura shi ne magabata sun zagaye fili mai yawan gaske wanda ya fi ƙarfin bukatarsu ta lokacin. Sa'ad da Bajamushen nan matafiyi, Dakta Barth, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mutanen garin kimanin 30,000 ne, ya kuma tarar da gonaki da kududdufai da fili mai faɗi a cikin ganuwa. Wato masu ginin sun yi lissafin jikokinsu.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913, cinikin gyaɗa kuma ya jawo jama'a daga ko'ina. A 1967 Kano ta zama hedikwatar jiha. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka yi birnin, wato Birni da Kewaye da Dala da Gwale da Fagge da Tarauni da Nasarawa da Ungogo da Kumbotso, suna da mutum kimanin miliyan 2.8. An shirya sabuwar ƙidaya a 2023 amma aka ɗage ta, sai dai ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutanen birnin sun haura miliyan 4.

Domin mai karatu ya gane irin cunkoson, a 2006 Ƙaramar Hukumar Dala tana da mutum fiye da 400,000 a fili mai murabba'in kilomita 19 kacal, wato fiye da mutum 20,000 a kowace murabba'in kilomita. A wannan shekarar Ajingi gaba ɗayanta tana da mutum kimanin 174,000, kuma a kowace murabba'in kilomita ba a samun mutum 300.

AWON IGIYA

Ba a ce ba a taɓa yi wa Kano tsari ba. Akwai babban tsarin da wani Bature mai suna Trevallion ya rubuta, wanda aka yi niyyar bi na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Akwai kuma hukumar tsara birni, wadda a da ake kira KASEPPA, yanzu kuma KNUPDA. Amma jama'a sun fi tsarin gudu. Filayen da Gwamnati ke yankawa ba su isa ba, kuma talaka bai cika samunsu ba, saboda haka yawancin sababbin unguwanni ta hanyar awon igiya suka tashi.

Yadda abin yake faruwa sananne ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna, kuma idan Gwamnati ta karɓi gona, diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gini. Manomin da birni ya matso kusa da gonarsa yakan ji tsoron kada a karɓe ta a ba shi abin da bai taka kara ya karya ba. Sai ya riga Gwamnati, ya kira dillali da mai igiya a yanka gonar ƙanana-ƙanana, a rubuta takarda a gaban mai unguwa da shaidu. Tun da kowane taku kuɗi ne, hanyar da za a bari ba ta wuce lungu. Ba a barin wurin makaranta ko asibiti ko kasuwa ko maƙabarta, balle hanyar ruwa. Haka sassa da yawa na Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa da Ɗorayi da Sheka da Rimin Kebe suka tashi.

Ba za a zargi wanda ya saya ba, domin abin da ƙarfinsa ya kai ke nan. Amma sakamakon shi ne gida yakan riga komai zuwa. Bayan shekara goma, in an zo za a ja bututu ko a yi lambatu, sai a tarar babu wurin da za a bi sai an rushe ɗakin wani.

RUWAN SHA

A nan ne nauyin ya fi yawa. Ruwan famfo ya shigo Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da aka gina matatar farko a kogin Challawa. Gwamna Audu Bako ya gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, aka kammala ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye a 1992. A zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau aka gina sabuwar matatar Tamburawa mai iya tace lita miliyan 150 a rana, da ta Watari mai lita miliyan 75. Saboda haka ba za a ce Kano ba ta da ruwa a madatsai ba. Inda gizo ke saƙa shi ne tacewa da turawa da rabawa. Injinan tura ruwa suna bukatar wutar da ba ta tsayawa, in sun lalace gyaransu yakan ɗauki lokaci, tsofaffin bututu suna yoyo a ƙarƙashin ƙasa, sababbin unguwanni kuwa bututun bai ma taɓa zuwa can ba.

Bari mu yi ɗan lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya yana bukatar lita 50 zuwa 100 a rana domin sha da girki da wanka da wanki da tsafta. Mutum miliyan 4, in kowa zai samu lita 100, ana bukatar lita miliyan 400 kullum, ban da asibitoci da makarantu da kasuwanni da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. In muka sauko gida ɗaya mai mutum takwas, ko da lita 50 za a ba kowa, lita 400 ke nan, wato jarka 16 mai cin lita 25. Magidanci nawa ne zai iya sayen jarka 16 a wurin 'yan garuwa kowace rana? Abin da ke faruwa shi ne a sayi huɗu ko biyar, a rage wanka, a rage wanki, a rage wanke hannu. Talakan da ba shi da famfo yakan biya kuɗin ruwa fiye da mai hali wanda famfo ke zuwa gidansa.

Wani zai ce ai ga rijiyar burtsatse. Gaskiya ne, da ita yawancin unguwanni suke rayuwa. Amma birnin Kano a kan dutse yake zaune, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma a cikin tsagar dutsen yake da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, ba teku ba ne. Kowace sabuwar burtsatse daga ƙwarya ɗaya take sha da maƙwabtanta. Shi ya sa mai kuɗi in ya haƙa mai zurfi ya sa injin, sai rijiyoyin guga na maƙwabta su ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa.

RIJIYA DA MASAI

Akwai wata matsala da ba a cika son faɗa a fili ba, amma dole a faɗa. Birnin Kano ba shi da babban bututun ƙarƙashin ƙasa mai kwashe bayan gida daga unguwanni zuwa inda za a tace shi. Kusan kowane gida da masai ko sokawe yake amfani. Masana lafiya suna ba da shawara a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da masai. To, fuloti mai ƙafa 50 da 50 bai wuce mita 15 da 15 ba, kuma a yau har rabinsa ake sayarwa. Ko da mutum ya sa rijiyarsa a wannan kusurwa ya sa masai a waccan, bai kai tazarar ba. In ma ya yi dabara a nasa gidan, masan maƙwabcinsa yana bayan katanga, ƙila taku uku daga bakin rijiyar.

A ƙauye kamar Gafasa, inda gidaje ke da sarari, ƙasa takan tace ƙazanta kafin ta kai ga ruwa. A unguwar da gidaje suka manne da juna ƙasar ba ta samun wannan dama, musamman da damina sa'ad da ruwan ƙasa ya taso. Daga nan ne amai da gudawa da zazzaɓin taifot suke samun ƙofa. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau da ƙyanda da kwalara suka haɗu suka cika asibitin cututtuka masu yaɗuwa. A 2001 kwalara ta sake ɓarkewa ta kashe ɗaruruwa. A 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 suka mutu, Kano da Jigawa kuma suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

Ƙazantar birni ba ta tsayawa a birni. Kogin Jakara yana kwashe ruwan kwatar cikin gari, Getsi kuma na Bompai, su haɗu su zuba a madatsar Wasai da ke ƙasar Minjibir, kuma da wannan ruwan ake ban-ruwan kayan lambu da yawa da ake kaiwa kasuwa. Ruwan majemu da masana'antun Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano ya wuce ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja. Ashe mutanen gabas suna da rabo a cikin abin da birni ke zubarwa.

INA RUWAN SAMA ZAI BI?

Dattawan cikin birni suna tunawa da kududdufai masu yawa a unguwanni. Daga cikinsu aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa, daga baya suka zama matattarar ruwan sama. Suna da nasu aibu, gama sauro yana haihuwa a ciki kuma yara kan faɗa. Amma suna yin aiki biyu masu muhimmanci: suna riƙe ruwa lokacin da aka yi mamako, suna kuma barinsa ya tsuma cikin ƙasa a hankali ya ciyar da rijiyoyi. An cike da yawa daga cikinsu da shara, an yi gidaje da kantuna a kai, ba tare da an yi wa ruwan wata hanya ba.

Ga wani lissafin. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, irin wanda ba baƙo ba ne a watan Agusta, rufin kwano mai murabba'in mita 100 zai zubo da lita 5,000, wato duro 25. Lokacin da wurin yake gona, yawancin wannan ruwa ƙasa ce ke shanye shi. Yanzu da aka rufe sama da kwano aka dafe tsakar gida da siminti, duk a lungu zai fito cikin 'yan mintoci. A ninka wannan sau dubu goma, sa'an nan a tuna cewa lambatun da zai karɓe shi, in ma akwai, cike yake da leda da robobi. Saboda haka ambaliyar Agusta da ƙafewar rijiya a watan Afrilu uwarsu ɗaya. Ruwan da ya kamata ya shiga ƙasa shi ne yake shiga ɗakunan mutane.

A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata kaya na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwa da yawa kuma suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi a bisa hanyoyin ruwa. A daminar wannan shekarar ruwa ya rushe ɗaruruwan gidaje a Ƙaramar Hukumar Ajingi, har aka rasa rayuka. Ruwa ba ya manta hanyarsa, ko a birni ko a ƙauye.

WUTA DA HANYA

Batun wutar lantarki ba ya bukatar dogon bayani, kowa shaida ne. Tun 2013 kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, kuma kasonsa kimanin kashi 8 cikin 100 ne na abin da ƙasa ke samarwa. In ƙasa ta samar da megawat 4,000, jihohin uku za su raba 320 ke nan. Taransifomar da aka kafa domin gida 50 takan wayi gari da gida 300 a wuyanta, in ta ƙone kuma mutanen unguwa ne za su yi karo-karo. A watan Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, Kano ta yi kwanaki a cikin duhu, ruwa ya yi tsada nan take, domin burtsatse ma da wuta take aiki.

Ta wajen hanya, an gina gadojin sama da na ƙasa a Ƙofar Nasarawa da Kabuga da Sabon Gari da Dangi da Hotoro, kuma sun rage wahala a waɗannan wurare. Amma tun da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013, A Daidaita Sahu ce ke ɗauke da yawancin jama'a, mutum uku-uku ko huɗu-huɗu. A 2016 an ba da sanarwar kwangilar jirgin ƙasa na cikin gari, amma har Gwamnatin da ta sanar da shi ta sauka a 2023 ba a gina shi ba. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, leburan da ya samu ɗaki mai araha a bayan gari ya ga kuɗin mota yana cinye rarar da ya yi zaton ya samu.

GIDAJE BA MUTANE, MUTANE BA GIDAJE

Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin gina rukunin gidaje, tun daga Kundila da Gwammaja da gidajen Shagari har zuwa Danladi Nasidi. Tsakanin 2011 da 2015 Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya gina rukunin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da tituna da magudanai da tsari mai kyau. Amma gidaje da yawa a cikinsu sun yi shekaru a rufe, har a farkon 2025 Gwamnati ta ba masu su wa'adi su shiga ko su sa 'yan haya. Farashinsu ya fi ƙarfin malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci. Sai aka samu inda aka yi tsari babu mutane, inda mutane suke kuma babu tsari.

Wasu suna ganin mafita ita ce a yi sama, a gina benaye. Akwai gaskiya a ciki, domin bene yana rage cin gonaki, yana kuma rage tsawon bututu da waya. Amma bene mai iyali goma yana bukatar ruwan iyali goma da masan iyali goma a filin gida ɗaya, ga shi sai da wuta ruwa zai hau sama. Yana kuma bukatar injiniya na gaskiya da rodi da siminti isassu. Ranar 30 ga Agustan 2022 wani bene da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut, aka rasa rayuka.

Rusau ma ba magani ba ne mai sauƙi. A watan Yunin 2023 Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen da ta ce an yi su a filayen jama'a, ciki har da na Otal ɗin Daula da kantunan filin Idi. 'Yan kasuwar filin Idi suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su Naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, darasin ɗaya ne. In wata Gwamnati ta ba da izini wata ta zo ta rushe, dukiyar jama'a ce ke zama ƙura. Hana gini a wurin da bai dace ba tun farko ya fi araha nesa ba kusa ba.

ABIN DA WASU SUKA YI

Ba Kano ce ta fara shiga wannan hali ba. A 1854 kwalara ta kashe fiye da mutum 600 a wata unguwa a birnin Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi diddigi ya gano daga famfon rijiya ɗaya ce, wadda masai ke tsiyaya a cikinta. A 1858 warin kogin Tems ya dami 'yan Majalisa har suka amince a kashe kuɗi a gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa. Mutanen Landan na lokacin ba su kai na Kano ta yau ba. Bayan annobar 1866 kwalara ba ta sake yi musu irin wannan ɓarna ba.

Ƙasar Singafo gaba ɗayanta kaɗan ta fi Ƙaramar Hukumar Ajingi faɗi, amma tana da mutum kimanin miliyan 6, kuma kusan 8 cikin 10 na 'yan ƙasar a gidajen da hukumar gidaje ta gina suke zaune tun bayan kafa ta a 1960. Can sai an kai ruwa da magudana da hanya ake buɗe unguwa. Wannan ya nuna yawan jama'a shi kaɗai ba shi ne ciwon ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na unguwar Orangi a birnin Karaci na Pakistan, wadda ita ma kamar awon igiya ta tashi. Daga 1980, da taimakon wani masani, Dakta Akhtar Hameed Khan, mutanen kowane lungu suka riƙa zaɓen shugaba, su tara kuɗi, su haƙa su sa bututun ƙazanta na lungunsu da hannunsu, manyan bututun da za su karɓa kuma aka bar wa hukuma. Dubun-dubatar gidaje sun samu tsafta ta wannan hanya a kan kuɗi kaɗan. Ba wani abu ba ne illa aikin gayya da muka gada, aka haɗa shi da awo na masu ilmi.

TO, MECE CE AMSA?

In za a ci gaba da gini yadda ake yi yanzu, gida a gaba, ruwa da magudana sai abin da hali ya yi, to Kano ba za ta iya ɗauka ba, gama ko waɗanda ke ƙasa ba ta gama ɗaukarsu ba. Hana gini kuma ba zai yiwu ba, domin ana haihuwa kullum, ana aure, ana shigowa. In aka hana, kuɗin haya ne zai tashi, iyali biyu su koma ɗaki ɗaya. Abin da ya rage shi ne a sauya jerin aikin. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

Aikin farko na Gwamnatin Jiha ne. Ta riga masu igiya zuwa gonakin da birni zai ci nan da shekara ashirin, a ƙasashen Gezawa da Warawa da Dawakin Kudu da Madobi da Tofa da Dawakin Tofa da Minjibir. Ko babu kuɗin kwalta a yau, a shata manyan hanyoyi da hanyar ruwa da ta bututu, a kafa alama, a dasa itatuwa a gefe, a keɓe filin makaranta da asibiti. Manomi kuma a ba shi rabo mai kyau daga fulotan da aka yanka a gonarsa, yadda ba zai ga ribar guje wa hukuma ba. A tsofaffin unguwanni a fi ba da ƙarfi ga gyara bututu da lambatu da kare kududdufan da suka rage, ko da aikin ba ya ɗaukar ido kamar gadar sama.

Na biyu, dole a rage wa birni kaya ta hanyar ƙarfafa garuruwan da ke kewaye. Wudil tana da jami'a tun 2001, tana da Makarantar Horar da Manyan 'Yan Sanda, ga babbar kasuwar shanu ta ranar Juma'a, ga kogi. Gaya tana kan tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri da aka ba da kwangilarta a 2006. In waɗannan garuruwa, da irinsu Bichi da Rano da Gwarzo da Dambatta, suka samu tsayayyar wuta da ruwa da asibiti mai likita, mai walda da mai injin niƙa da tela ba su da dalilin ƙaura. Saurayin Gafasa ko Toranke ko Balare ba don ƙin garinsu yake kwana a shago a Kano ba. In akwai noman rani da hanyar fitar da amfanin gona, da yawa za su zauna kusa da iyayensu.

Na uku, waɗannan garuruwa su yi hattara, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Awon igiya ba a Kano kaɗai ake yinsa ba. Dokar 1978 ta ba ƙananan hukumomi iko a kan filayen karkara, saboda haka shugabannin Gaya da Ajingi, tare da hakimai da dagatai da masu unguwanni, za su iya zama yau su keɓe hanyoyi masu faɗi da kwarin da ruwa ke bi da burtali, tun fili yana da araha kuma ba sai an rushe wa kowa ɗaki ba.

GA MAI NIYYAR SAYEN FILI

Ɗan'uwa, in ka tara 'yan kuɗinka ko ka karɓi garatuti kana so ka sayi fuloti a bakin birni, kada ka yi gaggawa. Dillali yakan kai mutum ganin fili da rani. Ka koma da kanka a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, ka ga inda ruwan ya kwanta. Ka dubi katangun maƙwabta ko akwai alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Ka tambayi matan unguwa inda suke samun ruwa a watan Afrilu da nawa suke saye, domin su ne suka san gaskiyar wannan. Ka auna lungun, ka ga ko motar asibiti ko ta kashe gobara ko ta kwasar masai za ta iya shiga. Ka je ofishin filaye da hukumar tsara birni ka bincika ko wurin yana kan hanyar da Gwamnati ta shata ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. In ka zo gini, ka yi shawara da maƙwabta a kan inda kowa zai sa rijiya da masai, kada kuma ka dafe tsakar gida duka da siminti. Wannan shawara ta shafi kwamitocin ikilisiya masu neman filin majami'a ko makaranta. Sama da duka, kada ka sayar da gonar da ke ciyar da kai domin filin da ba ka ga daminarsa ba. Araha ba ta ado.

Waɗanda suka riga suka zauna kuma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ambaliya da kwalara ba sa tambayar addinin mai gida ko garin da ya fito. A kafa ƙungiyar lungu, a yashe lambatu tun watan Mayu, a daina zuba shara a kwata, a je wurin kansila da ɗan majalisa a ƙungiyance da takarda a hannu. In masu neman ƙuri'a sun zo, a tambaye su lita nawa za su ƙara a famfo da kuma unguwar da bututu zai kai.

Magabatan da suka gina ganuwa sun bar wa na baya fili da kududdufi da gona. Ya kamata mu ma mu bar wa 'ya'yanmu hanyar da mota za ta bi da rijiyar da za a sha ba tare da tsoro ba. Allah ya ba shugabanninmu hikima da riƙon amana, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.